Siffanta Sabon Irin Dayatom: Daga Kallon Madubi Zuwa Raɗin Suna

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2004 mujallar nazarin gansakuka mai suna Phycologia ta buga sakamakon wani bincike da David Mann da abokan aikinsa suka gudanar a kan halittun wani ɗan tafki da ke birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan. Abin da binciken ya bayyana shi ne, wata ƙanƙanuwar halitta da masana suka shafe shekara 160 suna kira da suna guda, ashe ba iri ɗaya ba ce. A cikin taɓon wannan tafki kaɗai akwai iri shida da ke amsa sunan, don haka aka bar wa ɗaya tsohon suna, aka raɗa wa biyar sababbi. Duk wanda ya kalli hotunan shidan a jere, idan ba gwani ba ne, zai rantse cewa abu ɗaya aka ɗauka sau shida.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake kai wa ga irin wannan hukunci, wato yadda manazarci ke tabbatar da cewa abin da ya gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma sabo ne, da kuma yadda yake mayar da ganin nasa ya zama kalmomi da alƙaluma waɗanda wani manazarcin, a wata ƙasa da wani zamani, zai karanta ya gane halittar ba tare da ya tambaye shi ba. A wannan fage, gano sabon iri ba ya zama ilimi sai an siffanta shi, siffantawa kuwa aikin harshe ne.

Akwai buƙatar daidaita kalmomi biyu tun daga farko. A littattafan kimiyya na Hausa an saba amfani da "jinsi" ga rukunin halittun da ke hayayyafa a tsakaninsu, amma ɗaliban nahawu sun san kalmar da ma'anar namiji da mace. Domin guje wa ruɗani, a nan an yi amfani da "iri" ga wannan ƙaramin rukuni, da "dangi" ga rukunin da ya tattara ire-ire masu kusanci da juna.

2.0 Dayatom da Ɓawonta

Dayatom gansakuka ce mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ke rayuwa a teku da koguna da tafkuna, har ma da ƙasa mai danshi. Santsin nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke sa mutum zamewa a kan dutsen rafi, yawancinsa dayatom ne. Kamar tsirrai, da hasken rana take haɗa abincinta, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na iskar numfashi da ake samarwa a doron ƙasa kowace shekara daga gare ta yake fitowa. Da mikiromita ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Da yawa daga cikin na ruwan daɗi tsawonsu bai kai kaurin silin gashin mutum ba.

Abin da ya bambanta ta da sauran gansakuka shi ne ɓawonta, wanda aka gina da silika, sinadarin da ake samu a yashi da gilashi. Ɓawon kashi biyu ne, kamar batta da murfinta: na sama ya ɗan fi girma, ya rufe bakin na ƙasa, sa'annan akwai siraran ɗamaru da ke zagaye mahaɗarsu. Daga nan ma sunan ya samo asali, domin a harshen Girka ma'anarsa abin da aka yanka biyu. Fuskar murfin da ta gindin cike suke da hudoji da aka jera bisa tsari, kuma kowane iri da tsarinsa. Bayan halittar ta mutu naman cikinta yakan ruɓe, amma ɓawon yana iya shekara dubbai, har miliyoyi, bai lalace ba. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk rabe-raben dayatom a kan ɓawo aka gina shi.

An fara buga zanen dayatom a shekarar 1703 a mujallar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, daga hannun wani Bature da bai bayyana sunansa ba. Christian Ehrenberg na Jamus, a babban littafinsa na 1838, ya ɗauke su a matsayin dabbobi saboda ya ga wasunsu na motsi. Friedrich Kützing, shi ma Bajamushe, ya fitar da nasa littafin a 1844, kuma a cikinsa ne sunan da ake magana a kai a wannan maƙala ya fara bayyana. Yawan ire-irensu har yau abin muhawara ne. Wani lissafi na 2012 ya nuna an siffanta kimanin 12,000, yayin da Mann da Vanormelingen a 2013 suka ce waɗanda ke raye ba za su gaza 30,000 ba, mai yiwuwa ma su kai 100,000.

3.0 Shirya Samfur

Dayatom mai rai ba ta nuna zanen ɓawonta sosai, domin naman ciki yana tare haske. Saboda haka sai a ɗebo taɓo ko a kankaro santsin dutse, a dafa shi cikin ruwan asid mai ƙarfi ko wani sinadari mai cinye nama, har sai ba abin da ya rage face silika. Daga nan a yi ta ɗauraya da tataccen ruwa, a ɗiga a kan siririn gilashi, a bar shi ya bushe, a manne shi da wani ƙaro na musamman, wanda aka fi sani shi ne Naphrax. Zaɓen ƙaron ba abin wasa ba ne. Silika da gilashi kusan daidai suke wajen karkatar da haske, don haka ɓawon da aka saka cikin ƙaro na yau da kullum yakan kusa ɓacewa daga gani. Ma'aunin karkatar da haske na silikar dayatom kimanin 1.43 ne, na Naphrax kuwa kimanin 1.7, wannan tazara ce ke fito da zanen fili.

Manazarci mai lura yakan duba samfurin da ransa kafin ya kai shi ga asid, ya rubuta siffar koren jikin da ke cikin ƙwayar da yadda take motsi. Za a ga amfanin wannan a gaba.

4.0 Abin da Ake Dubawa

Tambaya ta farko ita ce ta fasali. Dayatom sun kasu manyan gidaje biyu: masu da'ira kamar faifai, waɗanda zanensu ke fitowa daga cibiya zuwa baki, da masu tsawo kamar kwalekwale, waɗanda zanensu ke jere dama da hagu na wani layi da ya bi tsawonsu. Da yawa daga cikin masu tsawon suna da tsaga a kan wannan layi, ta inda suke fitar da wani abu mai yauƙi da ke ba su damar jan jiki a kan taɓo. Samuwar tsagar ko rashinta, da kasancewarta a fuska ɗaya ko biyu, a tsakiya ko a gefe, su ne ke kai manazarci ga dangi.

Kai wa ga iri kuwa ya fi wuya, domin a nan ne ake shiga awo da ƙidaya. Ana auna tsawo da faɗi. Ana siffanta gefuna, ko miƙaƙƙu ne ko masu ƙusumbi, da kuma bakuna biyu, ko masu tsini ne, ko dunƙulallu, ko masu wuya da kai. Ana duba filin da ba shi da huda a tsakiyar fuska, da yadda tsagar ta lanƙwasa a inda ta ƙare. Sai kuma ma'aunin da kusan babu bayanin da ke rasa shi, wato yawan layukan hudoji a cikin mikiromita 10. Idan an ce wani iri yana da layi 18 zuwa 21 a mikiromita 10, wani kuma 24 zuwa 27, to an ba mai karatu abin da zai iya gwadawa da kansa. Har ila yau ana faɗin inda aka yi ƙidayar, domin layukan kan yi tazara a tsakiya su matsu a baki, kuma ƙidayar da ba a faɗi gurbinta ba rabin amfani gare ta.

Akwai wata matsala a nan wadda ta yaudari magabata da dama. Idan dayatom za ta rabu biyu, kowace 'ya takan gaji rabin ɓawon uwa, ta ɗauke shi a matsayin murfi, ta ƙera sabon gindi a cikinsa. Wadda ta gaji murfin uwa takan fito daidai da girman uwa, amma wadda ta gaji gindi dole ta ɗan fi ƙanƙanta. Haka za a yi ta tafiya, rabuwa bayan rabuwa, matsakaicin girman zuriyar na raguwa. MacDonald da Pfitzer ne suka bayyana wannan a 1869, kowa a nasa ɓangaren. Idan ƙanƙanta ta kai wani mataki sai ƙwayoyi biyu su haɗu, su zubar da tsofaffin ɓawonsu, su samar da wata ƙwaya mai laushi da ke kumbura har ta kai cikakken girman irin, sa'annan ta gina sabon ɓawo. Abin lura shi ne, a cikin masu tsawo, tsawon ya fi faɗi saurin raguwa. Ke nan babba da ƙarama na iri ɗaya ba girma kaɗai ya raba su ba, har da fasali: babbar siririya ce, ƙaramar kuwa ta kusa zama kamar ƙwai, wuyanta da kanta sun shafe. An sha raɗa wa matakai biyu na rayuwar halitta ɗaya sunaye biyu. Saboda haka bayanin da aka gina a kan ɓawo ɗaya ko biyu abin zargi ne, komai kyan hotonsa. Abin da ake so shi ne a auna gommai, a jera hotunansu daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, domin mai karatu ya ga yadda fasalin ke sauyawa. Yawan layuka a mikiromita 10 bai cika canjawa sosai da raguwar girma ba, shi ya sa ake dogara da shi.

Madubin haske yana da iyaka. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa ba zai iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mikiromita ba, komai ingancin gilashinsa. Wata dayatom mai suna Amphipleura pellucida, wadda ke da layi kusan 40 a mikiromita 10, tana gab da wannan iyaka, har masu ƙera madubi suka mayar da ita abin gwajin kayansu: madubin da ya nuna layukanta ya ci jarrabawa. Daga 1965, lokacin da madubin lantarki mai bin fuskar abu ya shiga kasuwa, sai aka fara ganin abin da ke cikin hudojin kansu, da siraran marufan da ke toshe su, da cikin ɓawon. Sakamakon haka manyan dangogi da aka tara bisa kamannin waje suka wargaje. Littafin Round da Crawford da Mann na 1990 shi ne ya tsara yawancin wannan sabon rabo. A yau da wuya mujalla ta karɓi bayanin sabon iri ba tare da hotunan madubin lantarki na ciki da na waje ba, amma hotunan madubin haske ba su rasa matsayinsu ba, domin da shi mai auna ingancin ruwa ke aikinsa na kullum.

5.0 Tafkin Blackford

Kützing ya sa wa halittar da ake magana a kai suna Navicula pupula. Navicula a Latin ƙaramin jirgin ruwa ne, kuma wannan dangi ya daɗe yana zaman rumbun da ake jefa duk wata dayatom mai fasalin kwalekwale da tsaga a tsakiya. A 1902 wani masani ɗan Rasha, Mereschkowsky, ya lura cewa koren jikin da ke cikin wannan halitta guda ɗaya ne mai siffar sirdi, saɓanin na sauran Navicula, don haka ya ware mata dangi mai suna Sellaphora, wato mai ɗauke da sirdi. Masanan da suka biyo baya, da yake wankakken ɓawo kawai suke kallo, ba su kula da wannan hujja ba, sai a 1989 Mann ya farfaɗo da sunan bayan ya nuna cewa tsarin ɓawo da yanayin hayayyafa sun goyi bayan ɗan Rashan. Ga amfanin duba halitta da ranta kafin a kai ta ga asid.

Sellaphora pupula ba ta da wuyar ganewa a dunƙule. Filin tsakiyarta ya buɗe dama da hagu kamar fukafukai, kuma a kowane baki akwai wani kauri na silika da ya gitta kamar sanda. An ba da rahoton samunta a kusan kowace nahiya, kuma littattafai sun bayyana ta a matsayin iri mai yawan sauya kama, mai jure kowane irin ruwa.

Tun farkon shekarun 1980 Mann ya riƙa ɗebo taɓo daga tafkin Blackford, wani ɗan tafki da mutane suka haƙa a gindin tudu a kudancin Edinbara. Ya lura cewa ɓawon da ke cikinsa sun kasu rukuni-rukuni, har ya ba su laƙabi na wucin gadi: mai kai, mai kusurwa huɗu, mai ƙiba, mai kan mashi, da sauransu. Bambancin kaɗan ne ƙwarai, ɗan faɗi, ɗan siffar baki, 'yan layuka. Bisa al'adar wancan lokaci da sai a ce sauyin kama ne kawai na iri ɗaya. Amma tambayar da ya yi ita ce: idan iri ɗaya ne, suna zaune a taɓo ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya, me zai hana a samu masu tsaka-tsakin kama? Me kuma ya sa rukunonin suke nan yadda suke shekara bayan shekara?

Amsar ta fito ne daga kallon haɗuwarsu. Lokacin da ƙwayoyin suka kai matakin hayayyafa ta haɗuwa, sukan jeru biyu-biyu gefe da gefe, kuma ana iya ganin wace ta haɗu da wace. Abin da aka gani shi ne, mai kai da mai kai take haɗuwa, mai kusurwa huɗu da 'yar'uwarta, duk da cewa a cakuɗe suke. Daga baya aka ware ƙwayoyi ɗaiɗai aka raine su a ɗakin bincike, aka gwada haɗa su, sakamakon ya tabbatar da cewa akwai shamaki a tsakaninsu. An kuma yi amfani da kwamfuta wajen auna zagayen ɓawo masu yawa, ta mayar da lanƙwasar gefe da siffar baki zuwa alƙaluma, rukunonin suka fito a rarrabe. Hujja uku ke nan daga hanyoyi daban-daban: awo, tsarin da madubin lantarki ya nuna, da hayayyafa. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, to amma a kimiyya sai an kawo shaidar rashin wanen.

Saura tambaya guda: wanne daga cikin shidan ne Kützing ya gani? Ba a warware wannan da ra'ayi ba. Sai da aka koma ga samfuran da ya bari, waɗanda ke ajiye tun ƙarni na 19, aka gwada su da na tafkin, wanda ya dace da su ya riƙe sunan pupula. Sauran biyar aka kira su Sellaphora capitata, wato mai kai; Sellaphora obesa, mai ƙiba; Sellaphora lanceolata, mai siffar kan mashi; Sellaphora blackfordensis, 'yar Blackford; da Sellaphora auldreekie, daga laƙabin da mutanen Sikotilan ke yi wa Edinbara, wanda ke nufin tsohuwa mai hayaƙi. Mai nazarin sunaye zai ga cewa hanyoyin ba baƙi ba ne ga Bahaushe, wanda ke kiran mutum Dogo saboda siffa, ko ya jingina shi ga garinsu. A 2007 Evans da Wortley da Mann suka gwada ƙwayoyin gado na wannan dangi, sakamakon ya yi daidai da rabon da aka yi. Binciken da aka faɗaɗa zuwa sauran tafkunan Birtaniya ya nuna cewa rukunonin da ke ɓoye a ƙarƙashin tsohon sunan sun kai gommai.

6.0 Sharuɗɗan Raɗin Suna

Suna ba ya tabbata don kawai manazarci ya furta shi. Akwai kundin ƙa'idoji na duniya da ke kula da sunayen gansakuka da naman gwari da tsirrai, wanda ake sabuntawa a babban taron masana tsirrai. Bisa wannan kundi, sunan iri kalma biyu ne a sigar Latin, ta dangi da ta iri, kuma dole a buga shi tare da bayani. Bayanin yana iya zama cikakkiyar siffantawa, ko kuma taƙaitacciyar bambantawa da ke faɗin abin da ya raba sabon irin da makusantansa. Na biyun ya fi gajarta amma ya fi wuyar rubutawa, domin sai wanda ya san dangin duka yake iya cewa "yana kama da wane, sai dai ya fi shi faɗi, layukansa kuma sun fi tazara".

Daga 1 ga Janairun 1958 aka wajabta wa mai raɗa sunan gansakuka abu uku: bayani cikin Latin, da zane ko hoto, da ayyana samfurin asali. Samfurin asali shi ne gilashi ɗaya tak, sau da yawa ma ɓawo ɗaya a kan gilashin wanda aka yi wa alamar gurbi, da aka ɗaura sunan a kansa har abada. Daga 1990 aka ƙara cewa dole a faɗi ma'ajiyar da aka ajiye shi. Hikimar wannan ta bayyana a labarin Kützing: bayani yana iya gazawa, zane yana iya yin kuskure, amma ɓawon yana nan, kuma wanda zai zo da madubin da ya fi na yau yana da abin komawa. Sunan mai raɗi ma yana bin halittar. Idan an rubuta Sellaphora pupula (Kützing) Mereschkowsky, to an taƙaita tarihi ne: na cikin baka ya fara siffanta ta, na waje ya mayar da ita dangin da take.

Taron da aka yi a Melbon ta Ostireliya a 2011 ya sassauta sharaɗin harshe, ya amince da Latin ko Ingilishi daga 1 ga Janairun 2012, ya kuma amince da bugu ta intanet. Wannan na nufin bayanin da aka rubuta da Hausa kaɗai, ko da Faransanci ko Larabci ko Jamusanci kaɗai, ba ya tabbatar da suna. Amma babu abin da ya hana a buga fassara a gefen na Ingilishi, kuma salon irin wannan bayani, mai jera siffofi ba tare da aikatau ba, yana zama cikin Hausa daram: ɓawo mai tsawo, gefuna miƙaƙƙu, bakuna masu kai, tsaga a tsakiya. Abin da ya rage shi ne daidaita kalmomi, ta yadda "tsaga" da "layi" da "huda" za su riƙe ma'ana guda a hannun kowane marubuci.

7.0 Abin da Kuskuren Suna ke Jawowa

Mai karatu na iya tambayar ko wannan wahala ta cancanta a kan halittar da ido ba ya gani. Akwai masana ma da ke ganin an wuce gona da iri wajen tsattsaga ire-ire, kuma kukansu yana da tushe idan aka dubi sunayen da aka raɗa bisa 'yan ɓawo kaɗan ba tare da kwatanci ba. Amma gyaran wannan shi ne a tsananta hujja, ba a koma tara kowa a rumbu ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne, kowane iri yana da ruwan da yake so, wani mai gishiri, wani mai tsami, wani mai tsabta, wani mai ƙazanta. A kan haka ƙasashen Turai suka gina ma'aunan ingancin koguna, irin wanda Kelly da Whitton suka fitar a Birtaniya a 1995. Idan suna ɗaya ya rufe iri shida masu buƙatu daban-daban, sai a ɗauka halittar tana jure komai, a daina sauraron shaidarta, alhali shaidu shida ne aka haɗa muryarsu.

Matsalar ta fi tsanani a Afirka. An daɗe ana ɗauka cewa ƙananan halittu iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya, don haka manazarcin da ya ɗebo samfur daga kogin ƙasa mai zafi yakan buɗe littafin Turai, irin na Hustedt ko jerin na Krammer da Lange-Bertalot da ya fito tsakanin 1986 da 1991, ya nemi hoton da ya fi kusa, ya ɗora wa halittarsa sunan. Da sunan kuma sai ya ɗauko duk abin da aka sani game da halin ta Turai. Ta haka kuskure ɗaya ke haifar da biyu: irin Afirka ya ɓace a ƙarƙashin sunan aro, sa'annan jerin sunayen ya zama hujjar cewa ire-iren Turai sun game duniya.

Yankin Tafkin Chadi yana da ruwa da tsaki a wannan batu. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya mamaye fili mai faɗin gaske, kuma kwarin Bodele da ke arewacin Chadi shi ne wuri mafi zurfi a cikinsa. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mara nauyi, wadda tarin ɓawon dayatom ce, yawanci na dangin Aulacoseira. Irin wannan ƙasa akwai ta a Bularafa ta Jihar Yobe. Iskar da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi tana kwasar ta Bodele, har masana suka ɗauki kwarin a matsayin wurin da ya fi ko'ina samar da ƙura a duniya. Wani kaso na hazon hunturu da ke sauka a Maiduguri da Kano daga can yake, wani kuma yana ƙetare Tekun Atilantika ya kai Kudancin Amurka. Charles Darwin ya tattara ƙurar da ta sauka a jirginsu kusa da tsibiran Kef Bade a 1832, kuma da Ehrenberg ya duba ƙullin ƙura biyar da Darwin ya aika masa, ya sami siffofin halittu 67, mafi yawansu na ruwan daɗi.

Da irin waɗannan ɓawo ne masana kamar Françoise Gasse ta Faransa suka karanta tarihin tafkunan Afirka. Ana haƙo dogon sandan laka daga gindin tafki ko busasshen kwari, a bi shi hawa-hawa, a ƙidaya ɗaruruwan ɓawo a kowane hawa. Inda masu shawagi a ruwa mai zurfi suka yi rinjaye, tafkin ya cika a wancan zamani. Inda masu son gishiri da kanwa suka karɓe wuri, ruwan ya ja baya. Duk wannan karatu ya rataya ne a kan cewa ɓawon da ke hawa na ƙasa da wanda ke raye a tafkin yau, waɗanda aka ba suna ɗaya, iri ɗaya ne da gaske. Idan an ɗora wa mai son kanwa sunan ɗan'uwansa na ruwan daɗi saboda bambancinsu layi uku ne a mikiromita 10, to zamanin fari zai shiga littafi a matsayin zamanin damina mai albarka.